Katin Hajiya Sadiyatu

Legas, Litinin

Malama Dorcas,

Barka da aiki, ya Sakkwato? Cikin hotunan da kika turo mini daga asibitinku na Minanata akwai na Hajiya Sadiyatu. Fayil ɗinta ya nuna an cire mata ƙodar hagu shekara uku da suka wuce. Hoton yau kuwa ƙoda biyu ne lafiyayyu. Ƙoda ba ta tsirowa, don haka wata ce ta zo da katin Hajiya.

Ko wace ce, babbar jijiyar jinin cikinta ta kumbura, tana iya fashewa kowane lokaci. Ki nemo ta yau.

Na gode,
Dokta Siddiƙu

Minanata, Talata

Ranka ya daɗe Likita,

Ina gaisuwa. Laifina ne, kati na duba, ban dubi fuska ba. Na tafi Ƙofar Atiku na samu Hajiya Sadiyatu tana tsintar shinkafa. Ta amsa cewa ta ba da aron katin, amma wai amana ce. Har durƙusawa na yi, ta ce, "Ɗiyata, rantsuwa ni yi, ba ni hwaɗi."



Taka mai biyayya,
Dorcas

Legas, Talata

Dorcas,

Ina ruwana da rantsuwarta? Ki koma ki faɗa mata ƙarara: idan matar nan ta mutu, da hannunta a ciki. Na gaji da mutanenmu da wannan ɓoye-ɓoyen banza.

Siddiƙu

Minanata, Laraba

Ranka ya daɗe,

Ina fata ka tashi lafiya. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ƙarasa karantawa.

Na faɗa mata yadda ka ce, ta yi kuka, ta riƙe hannuna har gidan matar. Likita, gidanku ne. Inna ce.

Wata biyu tana fama da ciwon ciki. Ta san duk hoton da muka ɗauka wurinka yake zuwa, kai kuma ɗan farinta ne, ko sunanka ba ta kamawa. Ta ce mini, "Yaron nan shi ga cikina? Gara in mutu da kunyata."

Motar asibiti na ƙofar gida, ta ƙi shiga. Wai sai na tabbatar mata ba kai ka duba hoton ba. Ban amsa ba tukuna, ban saba ƙarya ba. Me zan ce mata?

Allah ya ba ka haƙuri,
Dorcas

Legas, Laraba

'Yar'uwata Dorcas,

Na ba abokiyar aikina Dokta Lubna hoton, ta sake dubawa, sunanta ne yanzu a kan sakamakon. Ki nuna wa Inna. Ki ce ban taɓa gani ba, alhakin a wuyana.

Ina hanyar filin jirgi. Don Allah ki sa ta a motar.

Siddiƙu