Hedar Malam

Litinin, 3 ga Maris
Minti arba'in da bakwai yau kafin kwamfuta ta gama harhaɗa manhajar. Waƙafi ɗaya na gyara. Asibitin da muke yi wa aiki na son gyaransu ran Juma'a, mu kuwa gwaji shida muke samu a wuni. Na san inda gizo ke saƙa: hedar Malam, wato fayil ɗin da dattijon ofishinmu ya rubuta don sauran fayiloli su riƙa ɗauko umarni daga ciki. Duk cikin tamfilet ɗin, wato umarnin da ke aiki da kowane irin bayani, ya zuba a ciki, fayil ɗari biyu na jawo ta, kowanne sai ya sake tauna ta daga farko.

Talata, 4 ga Maris
Na faɗa a taro. Zan bar sunayen umarnin kawai a hedar, in kwashe cikin zuwa fayil guda, in lissafa nau'o'in bayanan da muke amfani da su, a harhaɗa sau ɗaya. Malam na zaune, shi da ya koya mini aikin nan, saura masa wata guda ya yi ritaya. Ya ce, "To, 'yata, bismillah." Ban kalli fuskarsa ba.

Laraba, 5 ga Maris
Minti shida. Na san zan iya.

Alhamis, 6 ga Maris
Sashen gwajin jini ya ƙi haɗuwa. Nau'i uku na lissafa, ashe huɗu ne. Awa biyu ina lalube. Malam ya zo wucewa da kofinsa, ya ɗora yatsa a gilashin kwamfutata, ya ce, "Masu jini ba sa cin tuwon kowa." Wato nau'in bayanansu daban ne. Layi ɗaya na ƙara. Da ma zan gano shi da kaina.

Juma'a, 7 ga Maris
An miƙa wa asibiti aikin. Oga ya yabe ni gaban kowa.

Litinin, 7 ga Afrilu
An kwashe teburin Malam. Dogo, wanda aka dawo da shi daga wani sashe, ya buɗe tsohuwar hedar yana dariya, wai wane gwani ne ya tafka wannan. Na ce masa lokacin da aka rubuta ta fayil tara ne kaf a gidan nan, kuma shekara goma sha biyu ba ta taɓa ba da sakamakon ƙarya ba. Da alama na ɗaga murya, don ofis ya yi tsit.
Gajiya ce kawai.