Ɗan Farin Bodinga, Ɗan Riƙon Shagari

Laraba, 13 ga Yuli, 1955. Shagari.

Takardar Kaduna ta iso yau a jiƙe, masinja ya sha ruwan sama a hanya. Gwamnatin Jiha za ta biya mini kuɗin karatu a jami'ar Badun. Kuɗin karatu kawai. En'e kuma, hukumarmu ta gargajiya, tun watan jiya ta ce ita ci da ɗaki za ta ɗauka. Saura littattafai, da kuɗin mota da na jirgin ƙasa, da suturar da mutum zai sa ya shiga cikin mutane. Albashin malamin elemantare ba zai kai nan ba, ko da na daina cin tuwo daga yau.

Na karanta wa Goggo Hajjo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Su biyu, duk girmansu, sun kasa ɗaukar yaro guda?" Ta ci gaba da tankaɗenta. Na so in yi murna da wani, ban sami kowa ba.

Asabar, 16 ga Yuli.

Ashe kowace gunduma tana da ɗan asusun taimakon ɗalibai. Shi ne zai cike mini giɓin. Na je wurin magatakardan majalisar nan, ya karɓe ni da fara'a, sannan ya ce asusun na yaran da ubanninsu ke biyan haraji a nan ne. "Kai ɗan Bodinga na, Malam Maniru." A gidan Goggo na yi wayo, a tafkin garin nan na koyi iyo, a makaranta ma Maniru Shagari aka rubuta ni. Amma gaskiya ya faɗa.

Talata, 19 ga Yuli.

Na hau keke zuwa Bodinga. Mijinyawa, abokina tun makarantar Midil, shi ne magatakardan majalisarsu. Ya ce za su zauna cikin Satumba, kuma ba wuya. Tun da takarduna duk Shagari suka ce, sai dai uba ya zo da ƙafarsa, ya tsaya gaban hakimi da 'yan majalisa, ya ambaci sunan yaron, ya ce nasa ne. Yana faɗa yana dariya, sai ya tuna da wanda yake magana, dariyar ta tsaya.

Ni ɗan fari ne. Mutumin Bodinga da ya haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ba. Ana yaye ni ya miƙa ni ga yayarsa, Goggo. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ana ma yabonsa a kai. Ni ma na sani. In Bature ya tambaye ni zan iya yi masa bayani tsaf har ya rubuta a littafi. Sanin bai taɓa rage mini zafin ba.

Ban shiga gidan ba. Na juyo da kekena.

Litinin, 1 ga Agusta.

Gaisuwar Babbar Sallah a Bodinga. Na tafi da niyyar in faɗa masa da bakina.

Na same shi a ƙofar zaure yana kafe fatar rago da tsinke. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa wa fatar. Sai ya ɗaga murya, "Abu! Kawo ma baƙon Hajjo ruwa." Abu ƙanena ne. Abu ɗauko wuƙa, Abu kore awakin nan, Abu, Abu, har yaron yana gunaguni don ya gaji da kira. Da ya san abin da zan bayar a yi mini irin wannan damun!

Inna ta aiko da fura daga bayan zana. Na ji tarinta, ban ga fuskarta ba. Furar da nono mai yawa, yadda nake so, ban san wa ya gaya mata ba.

Na zauna har la'asar, maganar tana bakina. Na yi sallama na taho da ita.

Alhamis, 4 ga Agusta.

Ruwa wuni guda. Yara kaɗan suka zo makaranta. Ba abin rubutawa.

Juma'a, 12 ga Agusta.

Na roƙi Goggo ta je ta yi masa magana, ita ce yayarsa, ita kaɗai ke iya faɗa masa abu ya ji. Ban zaci abin da ya biyo baya ba. Ta ajiye mazarinta, ta ce ita ta goya ni, ita ta kwana kaina lokacin ƙyanda, ita ta ɓoye ni a bayan tukunyar ruwa ranar da aka zo ɗibar yara makaranta, har dogari ya zaƙulo ni. "Yanzu kuma ni za ni tahi in ce ga ɗanku nan, ku amsa, ashe aro anka ba ni?"

Na ce ba haka ba ne, ƙa'ida ce kawai. Ta ce ba ta san ƙa'ida ba. Wallahi ban taɓa tunanin ta wannan gefen ba. Kaina kawai nake gani.

Lahadi, 21 ga Agusta.

Har yau ba ta yi mini magana. Akushi a rufe a bakin ƙofata safe da yamma, shi ke nan. Malaman makaranta kuma sun fara kirana "Bature", in na iso inuwar da suke hira sai a canja zance. Ban tafi ba, amma kowa ya riga ya sallame ni.

Na fara rubuta wa Badun cewa su ba wani gurbina. Na tsaya a rabi. Gwamnati da En'e sun ɗauki babban kaya, a ce ɗan ƙaramin ne zai kayar da ni? Haushi nake ji, kuma ban san wa zan ji wa ba.

Laraba, 24 ga Agusta.

Na tashi na tarar ba Goggo, ba jakin maƙwabta. Sai bayan magariba ta dawo, taɓo har gwiwa, tana ɗingishi. Na kawo mata ruwan zafi, ta bari na wanke mata ƙafa.

"Na hwaɗa mai."

Na ce me ya ce?

"Cewa yay yi gero ya yi kyau bana."

Alhamis, 8 ga Satumba. Bodinga.

Yau majalisa ta zauna. Zan rubuta yadda ya faru kafin zuciyata ta gyara shi.

Na zauna can baya kusa da takalma. Ban sa rai ba. Sai ga tsohon ya shigo cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Bai dubi inda nake ba, amma ya san inda nake, don can ne kaɗai bai duba ba.

Da Mijinyawa ya karanto maganata, hakimi ya dubi tsohon, ya tausaya masa. Ya ce, "Malam Arzika, mun san dalilin zuwanka. Zuwan ya isa, ba sai ka hwaɗi ba." Na ji sanyi, na kuma ji wani abu kamar an ƙwace mini kwano ina shirin sa hannu. Sai Malam Mode, ɗan majalisa, ya nemi izini. Ɗan ƙanensa ma yana neman asusun. Ya ce shi ba rigima yake so ba, amma yaron nan ko sunansa Shagari ne, can ya tashi, can yake aiki, kuma ba wanda ya taɓa jin wani ya kira shi ɗa a garin nan. Ba ƙarya ya yi ba.

Tsohon ya daɗe yana murza bakin rigarsa. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, sai da hakimi ya karkato kunne:

"Ranka shi daɗe, ɗana na. Maniru. Ni nir raɗa mai sunan da bakina. Cibiyatai na nan bayan ruhewata ta hatsi, in ana so a tona."

Muryarsa ta karye a kan sunan. Wani daga cikin dattawa ya yi 'yar dariya, wani ya ce subhanallahi. Shi kuwa ya tashi tun ba a sallame shi ba, ya zo ɗaukar takalmansa dab da gwiwata, cikin sauri har ya ɗauki ƙafa ɗaya ta wani. Ya fita da su haka.

An ba ni taimakon. Uku sun haɗu, zan tafi Badun.

Asabar, 10 ga Satumba.

Tun ina yaro nake ƙirƙira yadda zan ji ranar da ya kira ni. Na zaci zan ɗaga kai. Ƙasa na duba. Ji na yi kamar na sa an tuɓe wa dattijo rawani a kasuwa don in sami kuɗin littafi. Goggo ta ce in daina zama kamar wanda aka yi wa mutuwa, in je in auno yadi wurin tela.

Litinin, 19 ga Satumba.

Abu ya zo da saƙon Mijinyawa. Na tsare shi da tambaya. Ya ce gari ya ɗauka. Tsofaffin mata in sun ga tsohon sai su ce, "Ina kwana, uban Maniru?" su fashe da dariya. Abokan wasansa sun ce boko ya cinye masa kunya. Ya koma kwana a bukkar gona, wai tsuntsaye suna cin gero. Abu ya ce, "Yaya, wane tsuntsu? An kusa gama yanka."

Talata, 27 ga Satumba.

Na bar Shagari. Goggo ba ta raka ni tasha ba, ta ce ƙafarta. Ta cusa mini dakuwa a aljihu kamar ranar da aka kai ni elemantare, ta shige ɗaki ta saki labule.

Motar ta tsaya a Bodinga ɗaukar buhunan albasa. Abu yana bakin hanya da ƙunshin kilishi da sabuwar tabarmar sallah. Na ce daga wa? Ya ce, "An ce a ba na Shagari." Na leƙa ta kowane gefe har motar ta tashi. Bai zo ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba. Badun.

Gari ne mai ruwa da tuddai, abincinsu barkono zalla. Ɗakina ni kaɗai. 'Yan Arewa ba mu da yawa, kuma ban saba da kowa ba tukuna.

Nan kowa Maniru, Maniru. Malami ya kira, mai gadi ya kira, wanda muka haɗu jiya a layin abinci ya kira daga nesa yana ɗaga hannu. Ina amsawa. Amma kiran ba ya shiga ko'ina.

Na rubuta wa Goggo, wani daga cikin malaman makarantarmu zai karanta mata. Na rubuta wa Abu. Na ce ya gai da Inna. Na ce ya je wurin tsofaffin nan ya gaya musu ni na roƙa, su bar Baba ya huta haka nan, laifin nawa ne. Na ce raɓa tana da yawa yanzu, ƙirjin Baba kuma ba ƙarfi gare shi ba, ya lallashe shi ya dawo gida da kwana.

Sai da na zo ninke takardar na ga abin da hannuna ya kira shi, har sau biyu. Na bar shi haka. Takarda tsada gare ta a garin nan.