Abin Da Barbla Ta Gaya Mini A Bakin Tafki

Zuwa ga yayana Curdin,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da yara da jikoki a can Kanada. Allah Ya ƙara maka sauƙin ciwon bayan nan. Mu nan Ardez lafiya lau. An gama yankan ciyawa kafin ruwa ya sauko, Inna Ottilia kuma ta warware har ta koma faɗa da maƙwabta, ka ga lafiya ta samu ke nan.

Yaya, wata magana ce ta sa na ɗauki alƙalami, don tun da na ji ta na kasa zama wuri ɗaya. Makon jiya ƙawata Seraina da mijinta Duri suka ja ni hawan dutse, mu kwana a masaukin da ke bakin tafkin sama, inda ka yi kiwon shanu kana saurayi. Na ce musu gwiwata ba ta wasa ba ce yanzu. Duri ya ce in bar kukan tsufa, ai sannu ba ta hana zuwa, in na gaji zai goya ni. Shi ne kuwa ya fara zubewa a kan dutse tun ba mu wuce tafkin farko ba, yana haki yana cewa tsayawa ya yi ya kalli furanni. Seraina ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya kalli fure ba sai yau.

Da la'asar muka isa. Mai kula da masaukin wata dattijuwa ce mai furfura, sunanta Barbla. Tana zuba mana miyar sha'ir sai ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, ta ce wannan goshin na gidan maƙerin Ardez ne, ko ni ce ƙanwar Curdin? Da na amsa, ta ja kujera ta zauna, ta tambaya ko har yanzu kana da taurin kai. Na ce ai sai abin da ya ƙaru.

Ta ce a shekarar da ka yi kiwo ita ke taya mahaifinta yin cuku a wurin. Kullum kana zagaya ta kamar maraƙin da ya ɓata, ba ka cewa komai. Ran nan ta tsokane ka, ta ce ita ba za ta saurari saurayin da bai iya ƙetare tafkin nan da iyo ba. Wasa take yi, don ko shanu ba sa son sa ƙafa a ciki. Kafin ta juya ka tuɓe riga ka faɗa. Ta ce ta bi gaɓa da gudu tana ihu tana zaginka, har ka fito a wancan gefen jikinka ya yi shuɗi kamar figaggiyar kaza. Ta lulluɓe ka da bargon doki, ta zauna tana jiran abin da za ka faɗa. Haƙoranka suka daina kaɗawa, ka dube ta, ka ce shanu sun yi nisa, ka tashi ka tafi. Da kaka ta yi sai ta ji ka hau jirgi zuwa Kanada.

Duri ya yi dariya har ya ƙware, amma ni na ga ita ba dariya take ba. Ta ce ta yi aure, ta ji daɗin mijinta har Allah Ya karɓe shi, ba ta riƙe ka da komai ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mata: me ka yi niyyar faɗa?

Da safe na sauka bakin ruwan ni kaɗai. Tafkin ya kwanta shiru, duwatsu da ƙanƙararsu sun fito a cikinsa sarai. Na cire takalmi na tsoma ƙafa, wallahi ban iya jan numfashi biyu ba na fizge ta. Na dubi wancan gefen, na ce anya yayana ne, wanda ko wankan safe sai Mama ta yi masa tsawa? Ruwa dai ba ya tsami banza. Na girma a bayanka ina ganin na san ka ciki da waje, ashe da saura.

Ga abin da ya sa ban jira ba. Idanun Barbla sun fara rauni, bana ce shekararta ta ƙarshe a can. Da zarar ƙanƙara ta fara zuba za ta rufe ƙofa ta koma wurin 'yarta a birni. Na gaya mata kai ma ka rasa matarka Helen bara waccan, ta ce Allah Ya jiƙanta. Ban yi mata alkawarin komai ba, ba ni da wannan hurumin. Amma ka ba ni labarin nan da bakinka, in kuma ni ba ka ga na isa ba, ita ta isa.

Ka gaishe mini da Andri da matarsa, da Tina da ƙananan yara. Inna Ottilia da Seraina da Duri duk suna gaishe ka. Barbla ma ta ba ni saƙo da muka zo tafiya. Ta ce in gaya maka ruwan bai ƙara ɗumi ba ko kaɗan, amma dattijo ba sai ya yi iyo ba, akwai hanya ta gefe.

Taka ƙanwa mai ƙaunarka,
Madlaina