Layinmu Ba Ya Ɓullewa

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Baba? A aiko min man zafin nan in an samu mai tahowa.

Kin tambayi "Kulos" ɗin adireshina. Kalmar Turanci ce ta rufewa, da ita mutanen nan suke kiran layin da ba ya ɓullewa. Ɗakina ne na ƙarshe, kullum in zan tafi shagon ɗinki sai na wuce ƙofa tara, ina gaishe da masu ɗakunan yadda kika koya min. Wata biyu ba mai amsawa. Na saba dai.

Shekaranjiya zazzaɓi ya kwantar da ni, ɗan kaɗan ne. Da hantsi sai ga tsohuwar ƙofa ta uku tana ƙwanƙwasawa: "Yau ba a gaishe mu ba. Lafiya?"

Inna, na yi maƙwabta. A ci gaba da addu'a.

Autarki