Ba Gigin Tsufa Ba Ne

Zuwa ga ƙanena Sule,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinka, ya Hajiya da yara? Ya zafin Fatakwal? Mu nan unguwar Ali Kazaure sai godiya.

Na san ka ji cewa ranar sunan jikata na tashi zan faɗi wadda jaririyar ta ci sunanta, sai sunan kakarmu ya ɓace mini. Haka aka yi. Amma masu cewa gigin tsufa ne, in bar wa Bala ɗan ƙanwarmu tarihin gida, su kama bakinsu. Balan da bai san ramin kuzar da babanmu ya yi aiki a ciki ba!

'Yata Hajara ta ja ni asibiti. Likita ya ce minsharin nan da kuke mini dariya ciwo ne. Numfashina ke ɗaukewa cikin barci, ƙwaƙwalwa ta rasa iska, mantuwa ta shigo. Ya nuna mini na'ura mai takunkumi da za ta riƙa hura mini iska cikin barci. Na ce ni ba jaki ba ne. Ya ce, "To Baba, ko takunkumi, ko sunayen su ci gaba da zubewa." Na karɓa.

Yanzu a majalisa direban jirgin sama suke ce mini saboda takunkumin. Su yi ta yi. Jiya na jero musu kakanninmu har Katsina, ban yi tuntuɓe ba.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa. Ka turo yaranka hutu su ji asalinsu daga bakina, ba daga na Bala ba.

Yayanka,
Audu