Wilin Gidan Niƙa a Tutar Ellichrode

Ellichrode, 9 ga Maris, 1993

Zuwa ga Yaya Traudel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ne Eckhard, ɗan kawunki Bruno, wanda kike ja wa kunne a bakin rafi. Kunnen yana nan da girmansa. Ina ƙara yi miki ta'aziyyar Gwaggo Lisbet. Allah ya ba ta hutawa.

Wataƙila kin ji an ɗora mini magajin gari, ga kuma shagon nama da Baba ya bar mini. Tun da aka cire wayar kan iyaka, ɓangarorin ƙasarmu na Gabas da Yamma suka haɗe, kowane ƙauye a nan yana yin tambarinsa da tutarsa. Maƙwabtanmu na tsallaken kwari sun sa barewa, na bayan dutse sun sa ƙararrawar coci. Mu kaɗai muka rage. Mai zanen da muka ɗauko daga birni ya ce mu zaɓi abin da aka san mu da shi. Muka zauna mu tara a majalisa, muka rasa. Wani ya ce dankali, aka yi dariya. Sai Horst Pabst ya ce, "Da me aka san mu in ba gidan niƙan Alwin ba?" Kowa ya yarda.

Ga yadda zai kasance: farin wilin da ruwa ke juyawa, a kan kore saboda dajinmu, ƙarƙashinsa shuɗin layi mai lanƙwasa, wato rafin. Na ga zanen, sai da ƙwalla ta zo mini.

Tunda gidan mahaifinki ne, na ga bai kamata ki ji a bakin wasu ba. In kina da hoton wilin, ki ara mana, mai zanen yana son ya fitar da shi daidai. Ranar ɗaga tuta kuma kujerarki tana sahun gaba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Eckhard


Grambzin, 21 ga Maris

Eckhard,

Ina amsa gaisuwa, a gaida iyali. Na ga har yanzu kunnuwan sun fi abin da ke tsakaninsu aiki.

Horst Pabst ne ya ce a sa wilinmu? Horst ɗin da ke kai wa sojojin iyaka rahoton wanda ya yi tari a gari? Kai yaro ne a lokacin, bari in gaya maka abin da na gani.

Da safe manyan motoci suka tsaya a ƙofarmu, a kakar 1961. Suka ce gidanmu ya cika kusa da iyaka, kuma Baba ba abin yarda ba ne. Garin alkama ne a hannunsa, ba su bar shi ya wanke ba. Muna loda katifu, ina kallon layinmu, labulen kowace taga yana motsi, amma ba ƙofar da ta buɗe. Motar ba ta kai kwanar coci ba na hango mata biyu suna kama kajinmu.

Aka sauke mu a nan arewa, a wani ɗaki da ke saman garken shanu, kuma an riga an gaya wa mutanen garin cewa mu masu laifi ne. Baba bai ƙara barcin kirki ba. Ya ce shirun ne ke tashinsa, ba ya jin ruwa. Shekara biyu ya yi ya mutu, likita ya rasa sunan da zai rubuta wa ciwon.

Yanzu kuna so ku ɗinka wilinsa a tuta, fari fes, kamar yana juyawa har gobe. In za ku sa, ku sa shi a karye. In ba haka ba, ku sa dankalin, ya fi kama da ku.

Wani abu kuma. Kafin Mama ta cika, ta riƙe hannuna ta ce a kai ta gida, kusa da iyayenta. An ƙone gawarta, tulun tokarta yana ajiye wurin masu shirya jana'iza tun watan Janairu. Na rubuto wa majalisarku neman wuri a makabarta, domin dokarku ta ce wanda ba mazaunin gari ba sai da izini. Mama, wai ba mazauniya ba. Har yau shiru. Kai ne magajin gari, ka duba.

Irmtraud, wadda kake kira Traudel


Ellichrode, 18 ga Afrilu

Yaya Traudel,

Ina gaishe ki, ina kuma neman afuwa da jinkirin amsa. Na fara wasiƙar nan na yaga ba sau ɗaya ba.

Na tambayi mai zanen, ya ce karyayyen wili ba baƙon abu ba ne a tambari, hukuma za ta amince. Sai na karanta wasiƙarki a majalisa, ban tsallake ko kalma ba, har da ta dankalin.

Horst ya jira na gama, ya ce, "To, magajin gari, abin kunya za mu rataya a gidan kashe gobara? Jikokina su yi maci a bayan karyayyen wili? Sojoji ne suka rushe gidan, ba mu ba."

Sai tsohuwa Edeltraud, wadda ke kaɗa molon coci, ta ce daga kujerar baya, "Horst, bango sojoji suka rushe. Wilin fa? Ka manta sanyin 1963? Da zarto aka yanka shi, aka raba gida-gida. Har a murhuna ya ci wuta, kuma ya yi zafi mai kyau."

Wani ya ce, "Mama, zauna, kin tsufa."

Ta ce, "A zaune nake."

Ban san wannan ba, Yaya. Na tambayi mahaifiyata a gida, ta tashi ta shiga kicin ta rufe ƙofa.

Aka kaɗa ƙuri'a: huɗu na son karyayye, huɗu na son cikakke. Tawa ce za ta raba, sai na ɗage zaman. Tun ranar rabin gari suke shiga mota su je wani ƙauye sayen nama. Matata ta gaida mutane a coci, suka duba littafin waƙa. Wannan duk zan iya ɗauka.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne shekaranjiya. Horst ya shigo shago, ya sa na yanka masa hanta, yana kallon sikeli ya ce, "Maganar kabarin Lisbet tana gabanmu ko? Ka san wannan doka sai mutum shida sun yarda. Ni ba mugu ba ne, Eckhard, tare muka yi makaranta da ƙanenta. A bar mana wilinmu lafiyayye, ita ma ta dawo gida lafiya. Ka gaya wa 'yarta."

Na ce, "Da gawa kake ciniki?"

Ya ce, "Ka cire mini jijiyar nan."

Na duba dokar, haka take. Mu biyar ne in na haɗa da kaina. Zan iya kai ƙara gaba, amma an ce shari'ar za ta ɗauki shekaru. Ni zuciyata tana kan karyayyen. Amma mahaifiyarki ce, ba zan yanke ba sai na ji daga gare ki.

Allah ya ba mu mafita.
Ƙaninki, Eckhard


Grambzin, 2 ga Mayu

Ƙanena,

Na gaishe ka, ka gaida matarka, ka ce mata na ji abin da take sha saboda mu.

Na je wurin masu jana'iza bayan na karanta wasiƙarka. Suka kai ni ɗakin ajiya. Tana kan wata kanta, tsakanin wasu tuluna biyu na mutanen da ba wanda ya zo nema. Mai wurin ya ce cikin ladabi ba za su iya riƙe ta har abada ba, in ba wuri sai su binne ta a nan. A nan, inda aka yi shekaru ana ce mata matar ɓarawo a layin burodi.

Maigidana ya ce in tsaya a kan bakana, Baba ma da haka zai so. Wataƙila. Amma Baba bai roƙe ni komai ba, bai ma iya magana ba a ƙarshe. Mama ce ta roƙa.

Ka ba su Horst ƙuri'arka. Na sa hoton a cikin ambulan nan, Baba ne tsaye gefen wilin. Ka ce wa mai zanen ya yi shi daidai, kada ya rage ko katako ɗaya. Hoton kuma kada ya shiga hannun Horst.

Ka gaida mini Edeltraud. Ban san ko in gode mata ko in zage ta ba, ka dai gaishe ta.

Yayarka, Traudel


Grambzin, 27 ga Yuni

Eckhard,

Mun iso gida lafiya. Na gode da komai, har da haƙa ramin da ka yi da hannunka.

Na ƙirga waɗanda suka zo binne Mama, ba su cika benci biyu ba. Horst ya zo da baƙar kwat, ya miƙo hannu, na karɓa, don a bakin kabarinta ne.

Ka ce ban tsaya bikin ɗaga tuta ba. Na gan ta. Muna fita gari suna gwada ta a sanda, iska ta buɗe ta. Ta yi kyau ƙwarai, Eckhard. Duk baƙon da ya gani zai ce mutanen kirki ne a garin nan.

Wurin kabarin da ka ce ka keɓe mini kusa da ita, ba na bukatarsa, ka ba wani. Ka riƙa zuba wa furanninta ruwa in ka samu hali.

Ka huta lafiya.
Traudel