Kunyar da Aka Yaba a Kan Kabari

Zuwa ga ƙanwata Seini,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna? Ya yara da mutanen tsibiranmu na Ha'apai? Ni lafiya lau, muna ta tsinkar tuffa a gonaki a nan New Zealand, sanyi ne kawai.

An yi mana gwajin bakin mahaifa, an samu ƙwayar cutar nan mai jawo ciwon daji a jikina. Kada ki gaya wa Inna. Likitar ta ce, "Kwantar da hankalinki, matan tsibiranku da yawa suna ɗauke da ita ba su sani ba. Taki an gano da wuri."

Da wuri, Seini. Yaya Kalolaine ta daɗe tana zubar jini, ta ƙi zuwa asibitin ƙauyenmu don mai duba matan gwaggon mijinta ce, tana tsoron kafin yamma labari ya zaga tsibiri. Ranar jana'izarta kowa sai yabon kunyarta yake.

Ki turo mini hoton yara. Idan jirgin ruwan masu wannan gwajin ya zo, ki je a gwada ki, ki kai 'yarki rigakafin cutar. Allah ya tsare ku.

Bar su su yi da ke a bakin coci. Na gaji da jin ana yabon matan gidanmu a kan kabari.

Yayarki,
Lesieli